Taubashi, mu ma muna cikin littafin nan

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman ritaya? Labari ya iso mini cewa tun da ka ajiye alli ka koma sufeton gida, kana bin ɗaki-ɗaki kana kashe fitila kana neman wanda ya bar famfo a buɗe. Allah ya ƙara wa Hajiya haƙuri.

Na saurari saƙon muryarka har ƙarshe, minti goma sha ɗaya cur, rabinsa dariya. Ashe littafin nan na tsohon Baturen da ya yi ƙaura zuwa wata ƙasa bayan ritaya, wanda na manta a ɗakinka bara, bai tafi a banza ba. Ka ce sau biyu ka karanta shi, kuma inda ya fi kashe ka shi ne wurin da tsohon ya hau tsani zai nuna wa magini yadda ake gyaran rufi, shi da bai taɓa riƙe guduma ba, ƙarshe sai da aka kira rabin ƙauyen aka sauko da shi. Da ka gama dariyar sai ka jefo mini tambaya: wai da gaske ne mutum ya haura sittin, yana da 'ya'ya da jikoki, ya sayar da gidansa ya koma ƙasar da ko gaisuwarsu bai iya ba? Ina 'ya'yan suke da za su bar shi? Sannan ka ƙara da wadda na san ita ce ainihin abin da ke cinka: ku kuma Hausawan Ingila, da kuka fara furfura a can, me kuke yi da tsofaffinku?

Da gaske ne. Irin wannan littafi ba ɗaya ba ne, ba goma ba ne. Kowane kantin littattafai na filin jirgi za ka tarar da su jere, kuma kusan zubinsu ɗaya. Mata da miji sun ajiye aiki, sun taɓa zuwa hutu wani wuri a Sifaniya ko kudancin Faransa ko Fotugal, sun ga wani tsohon gida a kan tudu rana tana haska shi, suka sayar da nasu suka saya. Daga nan sai rufi ya fara yoyo, magini ya ce gobe, gobe ta zama wata uku, akuyar maƙwabci ta cinye furannin uwargida, maigida ya tafi ofis da takarda shida a ce masa saura ta bakwai. Marubutan ba su ƙirƙiri da yawa ba, gishiri kawai suka ƙara. Turawan Birtaniya da ke zaune a Sifaniya sun haura dubu 250, kuma inda suka fi taruwa shi ne lardin Alicante da lardin Malaga, a bakin teku. Da yawansu 'yan fansho ne.

Abin da ke korarsu na farko, kai ba za ka gane shi da kyau ba sai ka yi Disamba ɗaya a nan. Ba sanyin kaɗai ba, duhun. A Manchester inda nake, tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas na safe, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi, in ma ta fito ke nan, don sau da yawa gajimare ne rufe da sama mako guda. Azahar, la'asar da magariba duk cikin awa huɗu muke yinsu. In ka yi sake da alwala ɗaya za ka sallace su. Saurayi yana jurewa. Amma gwiwar ɗan shekara saba'in ba ta san haƙuri ba, jiki magayi. Jirgi kuwa daga nan zuwa Alicante bai kai awa uku ba. Tun shekarun 1960 da 1970, da tafiye-tafiyen hutu masu araha suka yawaita, ma'aikacin masana'anta ya fara kai iyalinsa Benidorm, wani garin hutu a bakin tekun Sifaniya, mako biyu a shekara. Wanda ya shekara talatin yana haka, ranar da ya ajiye aiki ai ya san inda zuciyarsa take.

Na biyu kuɗi ne, kuma kuɗin a jikin gida yake. Wanda ya sayi gida da bashin banki yana matashi, ya gama biya kafin ritaya, sai ya wayi gari gidan ya ninka kuɗinsa sau da yawa. Ya sayar, ya sayi ƙarami a ƙasa mai rana, canji ya rage masa. Doka ma ta taimake su: Sifaniya ta shiga tarayyar ƙasashen Turai a 1986, daga baya aka buɗe wa 'yan tarayyar ƙofar zama inda suka ga dama. Fanshonsa na gwamnati yana bin sa can, asibiti kuma akwai takardar da ke sa Birtaniya ta biya masa. Wannan garaɓasa ta ragu bayan ƙuri'ar 2016 da ta fitar da Birtaniya daga Tarayyar Turai. Tun farkon 2021, wanda ba shi da takardar zama kwana 90 kaɗai yake da su cikin kowane kwana 180, in kuma yana son zama na dindindin sai ya nemi biza, ya nuna shaidar kuɗin da zai ci da inshorar lafiya. Ka ga mutanen da ba su taɓa bin layin biza ba a rayuwarsu sun fara ƙirga kwana da yatsu. Na yi ta istigfari a lokacin, don akwai 'yar dariyar ƙeta da ta riƙa kufce mini.

Batun 'ya'ya kuwa, kada ka yi saurin yanke musu hukunci. Na zauna da mutanen nan shekara talatin da huɗu, suna son iyayensu. Sai dai tarbiyyar daban ce tun daga tushe. Tsoho a nan babban abin kunyarsa shi ne ya zama nauyi a kan ɗansa. Yaro ya bar gida tun yana ɗan ashirin, aiki ya kai shi wani gari, ana haɗuwa a Kirsimeti da ranakun zagayowar haihuwa. To in dama sau uku za a ga juna a shekara, mene ne bambancin awa huɗu a mota da awa uku a jirgi? Har ma 'ya'yan sun fi zuwa gaida su a can, tunda ga teku ga masauki kyauta.

Maƙwabtana na farko a unguwar nan sun yi wannan ƙaura. Mijin direban jirgin ƙasa ne, matar tana aiki a ɗakin girkin wata makaranta. Sun daɗe suna roƙona in ziyarce su, shekara ta uku na ce gani ya kori ji, na ɗauki uwargida muka je. Taubashi, da muka shiga unguwarsu sai na ji kamar na san wurin. Mai shagon kayan masarufi Bature ne ɗan Ingila, kayan da ke kan kanta daga Ingila aka kawo su. Mai aski nasu ne, mai gyaran famfo nasu ne, akwai jaridarsu ta Ingilishi da ake rabawa kyauta, akwai gidan shayin da ake taruwa kallon ƙwallon Ingila. Akwai kuma wani dattijo da ya riga kowa zuwa, wanda duk sabon zuwa sai an kai shi wurinsa: shi zai nuna maka dillalin da ba ya cuta, da likitan da ke jin Ingilishi, da mutumin da ake biya ya bi maka layin ofisoshi, don a Sifaniya wannan sana'a ce mai zaman kanta. Na juya na ce wa uwargida, wannan ai zango ne, ga kuma sarkin zango. Abin da kakanninmu suka kafa a Kumasi da Accra da Sabon Ibadan, shi ne Turawa suka kafa a bakin tekun Sifaniya, sai dai su ba fatauci ya kai su ba, rana suka je sha.

Maƙwabcin nawa ya shekara uku a ƙasar, abin da ya iya bai wuce sannu da na gode da nawa ne ba. Wannan mutumin kuwa, lokacin da muke unguwa ɗaya, sau nawa ya yi mini ƙorafin baƙin da ke zuwa Ingila ba su koyi Ingilishi ba. Na tuna masa muna cin abinci. Ya yi jajir, matar ta yi dariya har da ƙwalla. Laifi tudu ne.

Littattafan suna tsayawa ne a daidai inda daɗi ya kai ƙarshe: rufi ya gyaru, magini ya zama amini, ƙauye ya gayyace su biki. Ba sa kai ka shekara goma sha biyar gaba. Ba sa ba ka labarin 2008, da darajar fam ta faɗi har ta kusa yin kunnen doki da yuro, fanshon mutane ya ƙanƙance a hannunsu, farashin gidaje a Sifaniya ya rushe, mai son komawa ya rasa mai saye. A lardin Almeriya har rushe gidan wasu 'yan fansho aka yi a kan rikicin izinin gini. Ba sa kuma kai ka ranar da ɗaya zai rasu ya bar ɗaya. Maƙwabcina ya rasu a can. Matar ta jure shekara biyu, ba ta tuƙi, ba ta jin harshen, ta tattara ta dawo, kuma kuɗin gidan can bai isa sayen ko rabin irin wanda suka sayar a nan ba. Tana wani ɗan ƙaramin gida kusa da 'yarta yanzu, uwargida takan leƙa ta. Ban ga laifin marubutan ba, wanda ya sayi littafin barkwanci ba makoki ya zo ba.

To, mu fa.

Mu a nan ba mu da yawa, kuma ba mu da unguwa tamu. A warwatse muke, Landan da Manchester da Birmingham da Leeds da sauran garuruwa. Yawanci karatu ne ya kawo mu, ko aikin asibiti, ko koyarwa a jami'a, wasu kuma aikin rediyo, tunda sashen Hausa na BBC yana nan tun 1957 kuma ya ajiye mutane da dama a Landan. Babu ɗayanmu da ya zo da niyyar tsufa a nan. Kowa shekara uku ya zo yi. Ni da na sauka a 1991 ko akwatina ban yarda na kwashe duka ba sai da na yi wata shida. Saboda haka mu ne rukunin farko da ke tsufa a ƙasar nan da ɗan yawa, ba mu da wanda muka gani ya yi a gabanmu balle mu kwaikwaya. Lalube muke.

Tsarin da kowa ya zo da shi a ransa ɗaya ne: in na ajiye aiki zan koma gida. Shi ya sa duk wanda ka gani a nan yana da gini a can, ko kammalalle ko wanda ya tsaya a linta shekara goma. In mun haɗu a wurin suna ko ɗaurin aure, bayan gaisuwa hira ba ta wuce gini: wa ke duba maka, nawa aka ce siminti ya ci, an turo maka hoto kuwa? Akwai wanda aka shekara huɗu ana turo masa hoton ginin maƙwabci. Ka ga wannan ai babi ne guda a littafinka, sauya sunan ƙasa kawai za a yi.

Sai ranar komawar ta zo. Bari in ba ka labarin wani yayanmu a nan, likitan ƙashi ne, ba zan faɗi suna ba don za ka gane shi. Muka yi masa walimar ban kwana a zauren da muke haya, aka yi jawabai, aka yi addu'a, ya raba rigunan sanyinsa, ni ma na samu kwat ɗaya mai kyau. Ya cika kwantena ya tafi. Wata biyar sai ga shi a sahun gaba ranar Juma'a, sanye da rigar sanyin aro. Da muka keɓe na ce Yaya lafiya? Ya ce lafiya lau, magani ya zo karɓa. Maganin nan yau shekara shida ana karɓarsa.

Daga baya ya ba ni labarin da kansa, yana yi yana dariya. An gayyace shi taro ƙarfe goma, ya isa goma saura minti biyar, ya tarar da mai shara kaɗai. Ya shiga banki ya ja layi shi ɗaya a bayan mutanen da ba layi suke ba. Ya ce wa yaro don Allah, ya ce masa na gode, yaron ya tsaya yana kallonsa ko lafiya. Kuɗin da ke kansa na shekarar da ya bar ƙasar ne, duk abin da aka faɗa masa farashinsa sai ya ɗauka cutarsa za a yi, inda kuma ake cutar tasa da gaske bai gane ba. Hausarsa ma ta tsufa a inda ya ajiye ta, yana magana matasa suna murmushi kamar suna sauraron tsohon faifai. Abokan da ya yi shekara talatin yana mafarkin zama da su a ƙofar gida, rabi sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuma suna da hirarsu da ba ya cikinta, ana ambaton mutane da rigingimun da bai san farkonsu ba. A nan ana ce masa ɗan Afirka, a can aka sa masa suna Bature. Ya ce ranar da ya ji kansa yana yi wa mai gyaran wuta faɗa da Ingilishi a kan ya ce gobe bai zo ba, ya tuna tsohon cikin irin littafin nan, ya zauna a bakin gado ya yi ta dariya shi kaɗai. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mun sha faɗa a baki, shi ya gani da ido.

Ka gane yanzu dalilin da ya sa littafin ya fi ba ni dariya fiye da kai, ya kuma fi ba ni tsoro. Mu mun riga mun yi wannan wautar sau ɗaya muna samari, mun sauka a ƙasar da ba mu san yadda ake buɗe ƙofar bas ba. Abin da ba mu zata ba shi ne akwai zagaye na biyu yana jiranmu, kuma a garin da aka yanke mana cibiya.

Ko da zuciya ta yarda, takardu suna da tasu maganar. Fanshon gwamnati a nan sai ka cika shekara 66, kuma ana ɗaga shi zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028. Sai ka yi aƙalla shekara 10 kana biyan kuɗin inshorar ƙasa kafin ka samu wani abu, cikakkensa kuma shekara 35 yake nema. A Afrilun 2025 cikakken ya kama fam 230.25 a mako. Da yawanmu mun zo da girmanmu, ba mu cika shekarun ba. Kowane Afrilu ana ƙara kuɗin da duk wanda ya fi yawa cikin abu uku: tashin farashin kaya, ko tashin albashi, ko kashi 2.5 cikin ɗari. Ga inda gizo ke saƙar. Wanda ya koma Sifaniya ana ci gaba da yi masa wannan ƙari, haka wanda ya koma Amurka ko Jamaika ko Filifin, saboda akwai yarjejeniya. Wanda ya koma Najeriya ko Nijar ko Ghana, ko ma Kanada da Ostireliya, za a biya shi, amma kuɗin ya daskare a inda yake ranar da ya tafi. Ya shekara ashirin a raye, adadin nan ne dai. Lokaci-lokaci kuma a aiko masa takarda ya cike, wani mai mutunci ya sa hannu ya shaida cewa yana nan da ransa, in ba haka ba a tsayar da biya. Wani dattijonmu ya ce shi bai taɓa sanin rai yana buƙatar shaidu ba sai da ya yi ritaya.

Asibiti ya fi fansho ɗaure mu. Kula da lafiya a nan kyauta ne ga mazaunin ƙasa, daga shekara 60 kuma ko kuɗin magani ba ka biya a Ingila. Amma da zama aka ɗaure abin, ba da fasfo ba: ka koma gida ka tare, haƙƙin ya tafi. Likitan unguwa ba ya rubuta maka maganin da ya wuce na wata uku in za ka yi tafiya, in ka daɗe kuma ana iya cire sunanka daga rajistarsa. Mai ƙaramin fansho da gwamnati ke yi wa ciko, in ya wuce mako huɗu a waje cikon ya tsaya. Wanda kuma bai karɓi fasfon ƙasar ba, takardar zaman dindindin kawai gare shi, in ya shekara biyu a jere a waje ta mutu. Duk dattijon da ka gani a nan ya haddace waɗannan lissafai kamar karatun allo.

Sannan ga iyayen gida. Wannan ko a gaban alƙali zan faɗa: cikin goma, maza takwas ne ke son komawa, mata kuwa ƙafarsu a nan take. Ba lissafin hukuma ba ne, nawa ne na majalisa. Dalilinsu kuma mai ƙarfi ne. Jikoki a nan suke. Kuɗin renon yara a ƙasar nan yana iya cinye albashin mutum guda, don haka kaka ce ke kai yara makaranta ta ɗauko su ƙarfe uku. Ta saba da motarta, da katin bankinta, da gidan da ba mai shigo mata sai ya buga waya. Uwargidana ta faɗa mini a fili: ka je ka gina, ka je ka zauna, in ka gaji ka san hanya.

Abin da muka ɓuge da shi, ci-rani ne aka juya. Da can mutum yakan bar gida bayan girbi ya dawo da saukar damina. Mu kuwa ƙarshen Oktoba, da an mayar da agogo baya da awa ɗaya duhu ya fara sauka da wuri, sai ka ga sahun dattawa a masallaci ya fara raguwa. Akwati biyu, kilo 23 kowanne, ɗaya tsaraba ɗaya rabinsa magani. Kafin zafi ya tsananta a wajenku, wajen Maris, sun dawo, sun yi baƙi sun yi fes, suna ƙorafin can kamar yadda suka tafi suna ƙorafin nan. Shekarun 2015 da 2016, da azumi ya faɗo a Yuni muna kai awa goma sha takwas da ɗoriya ba ci ba sha, lissafin ya rikice, wasu suka riƙa gudu sau biyu a shekara. Akwai kuma masu hali da ke raba shekarar uku, su sa Umara a tsakiya. Wannan ma ba sabon abu ba ne a wurinmu, ka san tun zamanin tafiyar ƙasa akwai tsofaffin da ke nufar gabas da niyyar kada su dawo, wasunsu suka tsaya a Sudan zuriyarsu na can har yau.

Watannin da suke nan kuwa, rayuwar tsohonmu ba ta da hayaniya. Babu ƙofar gida da za a shimfiɗa tabarma, sanyi ba zai bari ba, maƙwabta ma za su ɗauka wani abu ya faru. Majalisa ta koma WhatsApp, da bayan sallar azahar a masallaci, inda za ka ga namu uku ko huɗu sun ja gefe a tsakanin 'yan Pakistan da Somaliya da Larabawa. Wanda ya kai shekarun fansho ana ba shi katin hawa bas kyauta, amma a ranakun aiki ba ya fara aiki sai tara da rabi na safe. Je ka tasha tara da minti ashirin da biyar ka ga ikon Allah: tsofaffi farare da baƙaƙe tsaye da kati a hannu, bas ta zo a yi mata kallon ba ke muke jira ba. Akwai wani malaminmu da ya mayar da katin nan sana'a, kullum sai ya zaɓi layi ɗaya ya bi shi har ƙarshe ya dawo, ya san garin nan fiye da waɗanda aka haifa a ciki.

Jikokin suna jin Hausa, amsawa ce sai da Ingilishi. Wasan kaka da jika ma sai da muka yi masa gyara. Ranar nan na je ɗauko jikata a makaranta, 'yar shekara shida, na ce ina amaryata, yau me kika dafa mini? Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce da Ingilishi, da ƙarfi, ita ba matata ba ce, kuma za ta gaya wa kaka. Malamarsu tana tsaye. Sai da ɗiyata ta yi bayani washegari. Tun daga ranar wasan ya koma cikin gida.

Ka tambaya ko muna kai iyaye gidan kula da tsofaffi. Har yanzu abin kunya ne a wurinmu, ana yin duk yadda za a yi a kauce masa. A sauko wa tsoho da gado falo in hawa bene ya gagara, 'ya'ya su raba kwanaki, hukumar gari ta turo masu kula su zo safe da yamma. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, akwai inda abin ke fin ƙarfin iyali, musamman ciwon mantuwa, mutum ya buɗe ƙofa tsakar dare ya fita cikin ƙanƙara, 'ya'ya kuma duk suna aiki. An kai wasu, kuma na daina ganin laifin kowa tun da na ga yadda wata baiwar Allah ta rame a kan jinyar mahaifinta. Kuɗinsa ma ba wasa ba ne: a Ingila in dukiyarka ta haura fam 23,250 kai za ka biya wa kanka, kuma ana iya lissafawa da gidanka in ba matarka a ciki. Abin da muke yi shi ne mu raba ziyara, kada Juma'a ta wuce ba wanda ya je ya yi masa Hausa. Mai ciwon mantuwa sau da yawa harshen da ya koya daga baya ne ke fara zubewa. Akwai wanda ya koyar a jami'a da Ingilishi shekara talatin, a ƙarshe ma'aikatan ba sa gane abin da yake cewa, mu muke fassara.

Muna da asusun jana'iza, kowane gida yana zuba wani abu duk wata. A farkon zuwanmu ana yawan maganar a kai gawa gida, yanzu an daina sosai. Kafin a fitar da gawa daga Ingila sai an sanar da jami'in binciken mutuwa kwana huɗu kafin tafiya, sai an yi mata allurar hana lalacewa, sai akwati na musamman, ga tsada, ga jinkirin da addini bai so. Yawanci a nan muke binnewa, a ɓangaren Musulmi na maƙabartun gari. Wanka da likkafani muna da mutanenmu maza da mata da suka iya, kuma mun fara jawo matasa suna tsayawa suna gani. Yayan nan namu likita, mai karɓar magani, shi ne ma'ajin asusun yanzu.

Ni saura shekara uku in karɓi nawa katin bas ɗin. Kwat ɗin da na gada ba zan bayar ba, kuma ba na son walimar ban kwana, na ga yadda ake dawowa a sahun gaba. Zan fara da wata uku in ga kamun ludayin. In Allah ya kai mu Nuwamba ina tafe, don haka tunda ba ka da aikin yi sai kashe fitilun Hajiya, ka je ka duba mini ginin nan da idonka. Ka tsaya a gabansa a ɗauke ka hoto, in ga fuskarka da lambar gidan a ciki. Littafin kuma ka riƙe, zan zo maka da wani, na wasu da suka koma Fotugal kiwon zuma.

Ka gaida Hajiya da yara. Uwargida tana gaishe ku, ta ce a faɗa maka ita tikitin zuwa da dawowa ta saya.